Tarihin Sana'ar Masauki: Daga Kasuwar Shanun Potiskum Zuwa Shafin Intanet

Masauki, a bakin 'yan kasuwa, shi ne gidan da baƙo ke sauka da kayansa a garin da ba nasa ba, a ba shi ɗaki da abinci, a tsare masa dukiya, a kuma haɗa shi da masu saye. Mai irin wannan gida ana ce masa fatoma, ko mai masauki, ko maigida. Kalmar ta dace daidai da wata sana'a ta wannan zamani, wato ta kamfanonin da ke ajiye shafukan intanet a kan kwamfutocinsu, su bar su a kunne dare da rana don duk mai neman shafi ya same shi. Akwai ɗaruruwan shekaru tsakanin farkon tsohuwar sana'ar da na sabuwar, kayan aikinsu ma ba su yi kama ba. Duk da haka tushensu ɗaya ne: mutum ya damƙa dukiyarsa a hannun wani, a wurin da idonsa ba ya kaiwa. A garin Potiskum da ke Jihar Yobe ana iya bin sawun sana'o'in biyu a jere.

Gari a mararraba

Potiskum gari ne na Ngizimawa da Karekare da Bolawa da Fulani da Hausawa da Barebari, kuma fadoji biyu ne a cikinsa, ta Sarkin Fika da ta Sarkin Pataskum. A 1924, zamanin mulkin Turawa, aka dawo da fadar Fika daga tsohon garin Fika zuwa Potiskum, inda hanyar mota ta Kano zuwa Maiduguri ta ratsa. Tun daga lokacin hanya ce arzikin garin. Wadda ta taso daga Kano ta biyo Azare, da ta Bauchi da ta biyo Darazo, da ta Gombe, da wadda ta nufi arewa zuwa Gashuwa, duk a nan suke haɗuwa kafin a miƙa Damaturu, mai nisan kimanin kilomita 100 ta gabas.

Layin dogo bai biyo ta garin ba. Reshen da ya tashi daga Kano ya tsaya a Nguru a 1930, wanda kuma ya isa Maiduguri a 1964 ya ratsa ta Gombe da Buni Yadi. Abin da jirgin ƙasa ya yi wa waɗancan garuruwa, babbar mota ce ta yi wa Potiskum, har garin ya yi suna a duk Najeriya da masu tirela da direbobi da kanikawa. A kan wannan hanya kasuwar shanunsa, wadda ke ci ranar Laraba, ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Dabbobi na shigowa daga Borno da Nijar da Chadi da Kamaru, a yi lodinsu zuwa Legas da Ibadan da Onitsha da Fatakwal. Mai kawowa baƙo ne, mai saye ma sau da yawa baƙo ne, harshensu ba ɗaya ba. Dole a samu ɗan gari da zai tsaya a tsakani.

Aikin fatoma

Kalmar fatoma daga Barbarci aka aro ta, inda fato ke nufin gida, fatoma kuma mai gida. Aikin ya girmi mota. Tun zamanin da ayarin fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, madugu kan san gidan da zai sauke mutanensa a kowane zango, kuma sau da yawa gidan da ubansa ya saba sauka ne.

A kasuwar dabbobi aikin kan faro tun jajibere. Baƙo ya iso da shanunsa da yamma ko cikin dare, yaran fatoma su tarye shi, a ƙirga dabbobi a gabansa, a kai su inda za su kwana, a ba su ruwa da harawa. Shi kuma a ba shi tabarma da tuwo, ba tare da an yi maganar kuɗin ɗaki ba. Da safe fatoma ko dillalinsa ya shiga kara da shanun. Shi ya san mahaucin da ke biya da wanda ke ja wa mutum rai, shi ya san inda farashi ya kwana a makon jiya. Mai saye ya taya, dillali ya ce albarka, a yi ta ja har mai dabba ya sallama. A nan ne la'ada ke fita, kuma da ita ake ciyar da gidan. Idan cinikin na bashi ne, fatoma ne ya tsaya. Idan daga baya wani ya fito ya ce sa na sata ne, fatoma za a nema, don shi ya san baƙonsa da garin da ya fito. Kuɗin ciniki ma a hannunsa suke kwana har ranar tafiya.

Masu bincike sun rubuta wannan tsari a wasu garuruwa. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nuna cewa masu gida Hausawa ne ke riƙe da cinikin shanu tsakanin fataken Arewa da mahautan Yarabawa, kuma galibin cinikin bashi ne da ba a rubuta ba. Polly Hill ta samu irin haka a kasuwar shanun Kumasi. A ko'ina jarin maigida sunansa ne. Wanda ya ci amanar baƙo guda, labari zai riga shi isa rugage da zanguna, baƙi su koma gidan wani.

Saboda haka falke ba ya sauka gidan da ya fara gani. Yakan tambayi waɗanda suka riga shi: shekara nawa mutumin ya yi yana saukar baƙi, ko yana da wurin da dabba za ta kwana lafiya, ko ana samunsa idan rigima ta tashi, ko yana da ƙarfin biya idan asara ta faɗo, ko kuma yana sakin baƙo da kayansa cikin mutunci ranar da ya so canza gida. Waɗannan tambayoyi sun sake dawowa bayan shekaru masu yawa, a kan wata hajar daban.

Farkon masaukin intanet

Shafin intanet tarin rubutu ne da hotuna da ke zaune a kan wata kwamfuta. Idan mutum ya rubuta adireshin shafi a wayarsa, saƙo ne yake aikawa zuwa waccan kwamfutar, ita kuma ta turo masa abin da ya nema. Masu sana'ar na kiranta saba, a wasu rubuce-rubucen Hausa kuma ana ce mata uwar garke. Idan ta mutu, ko wuta ta ɗauke mata, ko layinta ya yanke, shafin ya ɓace har sai ta dawo.

Tim Berners-Lee, ɗan Ingila da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Geneva, shi ya tsara wannan hanya a 1989. Shafin farko a kan kwamfutarsa ta ofis ya zauna, kuma an liƙa mata takarda da rubutun hannu ana gargaɗin kada kowa ya kashe ta. Ya sanar da duniya aikin a watan Agustan 1991, watan da aka ƙirƙiro Jihar Yobe daga tsohuwar Borno. A ranar 30 ga Afrilun 1993 CERN ta saki fasahar kyauta ga kowa.

A waɗannan shekaru duk mai son shafi sai ya mallaki kwamfutarsa da layin da ba ya yankewa, abin da sai jami'o'i da manyan kamfanoni ke iyawa. Daga wannan giɓi sana'ar ta fito: wani ya sayi injuna, ya tanadi wuta da layi, ya riƙa ba da hayar wuri. GeoCities, da aka kafa a Amurka a 1994, ya riƙa ba mutane wuri kyauta, ya raba shafukansu unguwa-unguwa. Manhajar Apache ta fito a 1995, kuma gyaran da aka yi wa ƙa'idar aika shafuka a 1997 ya sauƙaƙa zaman ɗaruruwan shafuka a kan inji guda da adireshi guda. Wannan ya karya farashi ƙwarai. Manhajar cPanel, wadda ta samo asali a 1996, ta ba wanda bai ƙware ba damar kula da shafinsa da danne-danne kawai, WordPress kuma ta zo a 2003 ta sauƙaƙa ginin shafin kansa. A 2006 kamfanin Amazon ya fara ba da hayar ƙarfin kwamfuta a kan awa, tsarin da ake kira gajimare.

Ƙarshen GeoCities ya zama darasi na farko ga masu shafuka. Yahoo ya saye shi a 1999, sannan ya rufe shi a Oktoban 2009. Miliyoyin shafuka suka tafi, sai abin da masu sa kai suka yi gaggawar kwafewa. Waɗanda suka zauna kyauta ba su da bakin magana ranar da mai gida ya ce a tashi.

Najeriya da sunan .ng

Kowane shafi na buƙatar abu biyu da mutane kan haɗa su wuri ɗaya alhali daban suke: suna da masauki. Suna shi ne adireshin da ake rubutawa, ana yi masa rajista, ana sabunta ta duk shekara. Masauki shi ne wurin da kayan ke zaune. Ana iya ɗauke kaya daga wani masauki zuwa wani sunan bai canza ba, muddin rajistar tana hannun mai shafin.

Kowace ƙasa tana da haruffanta biyu a ƙarshen suna. Na Najeriya .ng ne, na Nijar .ne, na Chadi .td. An ba Najeriya nata a 1995, aka sa Misis Ibukun Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba a matsayin mai kula da su. Da yake ƙasar ba ta da kayan aikin riƙe su a lokacin, injin da ke amsa sunayen ya fara zama ne a wata cibiyar bincike da ke Pisa a Italiya, daga baya wani masani ɗan Amurka mai suna Randy Bush ya ci gaba da ɗaukar nauyin. Wato sunan Najeriya kansa ya yi shekaru yana baƙunci a ƙasashen waje. An daɗe ana taƙaddama kan wanda ya cancanci riƙe shi, har gwamnatin Obasanjo ta sa baki, aka kafa ƙungiyar NiRA a watan Maris na 2005. Hukumar ICANN, mai kula da sunayen intanet na duniya, ta amince da miƙa mata ragamar a 2009. NiRA ba ta sayar wa mutum suna kai tsaye. Tana tantance kamfanoni ne ta ba su izini, su kuma su yi wa jama'a rajista, kamar yadda shugabannin kasuwa ke sanin dillalan da aka yarda su yi ciniki. An ware .gov.ng ga hukumomi, .edu.ng ga manyan makarantu, .com.ng kuma ga 'yan kasuwa.

Layin shiga intanet ya bi nasa tarihin. An kafa hukumar sadarwa ta NCC a 1992, ta ba kamfanoni 38 lasisin samar da intanet a 1996, Linkserve ya fara aiki a Legas a farkon 1997. A wancan lokaci layukan tarho na NITEL a duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. An yi gwanjon lasisin wayar salula a Janairun 2001 a kan dala miliyan 285 kowane, Econet da MTN suka fara aiki a Agustan shekarar, Glo ya biyo baya a 2003.

Kamfanonin masauki na 'yan Najeriya sun fara bayyana a wannan tsakani, irin su Web4Africa da QServers da Whogohost, wanda aka kafa a 2007. Galibin kamfanonin wancan zamani sari suke yi: su kama babban wuri a injunan Amurka ko Ingila, su yanka shi ƙanana, su sayar da naira. Ɗan Kano da ya buɗe shafin wani kanti na Kano, saƙonsa sai ya ƙetare teku ya dawo.

Igiyoyin teku da gidajen ajiya

Dalilai biyu suka hana injunan zama a gida: tsadar layi da rashin wuta. Shekaru da dama igiyar ƙarƙashin teku guda ce ke haɗa Najeriya da duniya, wato SAT-3, kuma tana hannun NITEL. Sauran masu buƙata tauraron ɗan'adam suka dogara da shi, mai tsada da jinkiri. A 2010 igiyar MainOne, mai tsawon kimanin kilomita 7,000 daga Fotugal, ta fara aiki a Legas, Glo-1 ma ta fara a shekarar, WACS ta zo a 2012, Equiano ta Google ta sauka a 2022. Kafin nan, a 2006, an kafa IXPN, mahaɗar da kamfanonin sadarwa na cikin gida ke musayar saƙo kai tsaye ba sai ya fita waje ba. A shekarar aka kafa Galaxy Backbone don kula da layuka da bayanan gwamnatin tarayya.

Da layi ya samu, sai aka fara gina cibiyoyin ajiyar bayanai. Irin wannan cibiya gini ne da ba ya buƙatar tagogi, cike da akwatunan ƙarfe a jere, kowane ɗauke da injuna, ga na'urorin sanyaya ɗaki, ga janareto fiye da ɗaya da tankunan dizal, ga batura da ke riƙe wuta cikin 'yan daƙiƙoƙin da janareto ke ɗauka kafin ya tashi. Rack Centre ya buɗe a Legas a 2013, MDXi na MainOne ya buɗe a Lekki a 2015, kuma a 2022 kamfanin Equinix na Amurka ya kammala sayen MainOne a kan dala miliyan 320. Ƙa'idojin da hukumar NITDA ta fitar a 2013 sun buƙaci a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin inda ya kai su.

Mafi yawan cibiyoyin suna Legas, kusa da inda igiyoyin suka fito daga ruwa, wasu kuma a Abuja. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu suka lalace a tekun da ke gaban Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka kasa aiki yadda ya kamata. Wannan rana ta nuna wa mutane da yawa cewa inda injin yake zaune ba ƙaramar magana ba ce.

Yadda abin ya iso Potiskum

A garuruwan Arewa maso Gabas mutane sun fara haɗuwa da intanet ne a kafe, shagon da ke da kwamfutoci a jere, da faifan tauraron ɗan'adam a kan rufi, da janareto a bakin ƙofa, ana biya a kan awa. Jarrabawa ce ta fi kawo masa ciniki. Da JAMB da WAEC da NECO suka mayar da rajista da duba sakamako kan intanet, duk gidan da ke da ɗalibi sai da ya san hanyar kafe. JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015. Manyan makarantu, ciki har da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Potiskum, suka buɗe shafukan neman gurbi da biyan kuɗin makaranta. Daga shagunan kafe ɗin ne matasa da yawa suka koyi gina shafi, suka fara yi wa makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyi da asibitoci.

Rikicin Boko Haram ya taɓa kasuwa da sadarwa tare. A farkon Mayun 2012 'yan bindiga suka far wa kasuwar shanun garin ranar Laraba, aka rasa rayuka da dabbobi masu yawa. A Satumban shekarar aka kai hare-hare kan turakun sadarwa a garuruwan Arewa da dama. A Mayun 2013, bayan kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, sojoji suka sa aka rufe layukan salula, Yobe ta yi kimanin wata biyu babu waya. Shafin da ke zaune a Legas ko Landan bai mutu a wannan lokaci ba, mutanen waje na ganinsa, amma mai shi da ke Potiskum ba ya iya kaiwa gare shi sai ya yi tafiya zuwa inda ake samun sabis. Wutar lantarkin yankin ma, wadda ke zuwa ta layin Gombe, ta sha yankewa na kwanaki saboda lalata turaku. Shi ya sa ba kasafai mai hankali ke ajiye injin shafinsa a shagonsa ba.

Galibin 'yan kasuwar garin ba su bi ta hanyar shafi ba sam. Wayar hannu ta ba su Facebook da WhatsApp da TikTok, dillali ya ɗauki hoton sa a kara ya tura wa mai saye a Legas, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya koya wa kasuwa tiransifa da POS. Sai dai waɗannan dandali rumfar aro ce. Gwamnati ta rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duk duniya na kusan awa shida. Kayan aro ba ya rufe katara, shi ya sa makarantu da jaridu da kamfanonin sufuri ke neman shafi da suna nasu na kansu.

Ire-iren masauki

Tarihin da aka bayyana ya bar nau'i huɗu a kasuwa. Na farko shi ne na haɗaka, inda shafuka da yawa ke zaune a inji guda kamar gidan haya mai ɗakuna. Shi ya fi araha, ya kuma wadaci ƙaramar makaranta ko shago, amma idan maƙwabci ya cika baƙi kowa zai ji nauyin. Na biyu shi ne a yanka wa mutum sashensa a cikin babban inji, da ƙarfin da ba a raba shi da kowa, sai dai yana buƙatar wanda ya iya kula da shi. Na uku shi ne hayar inji sukutum, ko mutum ya sayi nasa ya kai ajiya cibiya, kamar yadda bankuna ke yi. Na huɗu shi ne gajimare, inda ake biyan gwargwadon abin da aka ci. Wannan ya dace da shafin da ke cika lokaci guda, kamar na makaranta a makon rajista, amma lissafinsa da dala ne, kuma yakan haura ba a ankara ba.

Ma'aunin zaɓe

Tambayar farko ta falke, wato shekara nawa mai gida ya yi da kuma abin da baƙinsa ke faɗa, ita ce ta farko a nan ma. Shaidar wanda ya shekara biyu ko uku da kamfani ta fi tallan kamfanin nauyi. Idan ana son suna mai .ng, jerin kamfanonin da NiRA ta tantance yana kan shafinta.

Ta biyu ita ce yawan zama a kunne. Kamfanoni kan yi alkawari da kaso cikin ɗari, kuma ƙaramin bambanci a rubuce babba ne a aikace. Kashi 99 na nufin shafi na iya mutuwa na fiye da kwana uku da rabi a shekara, kashi 99.9 kuma ƙasa da awa tara. Ga makaranta, awa tara a ranar rufe rajista daidai take da rufe kara ranar Laraba.

Ta uku ita ce kuɗin da za a biya da shi. A 2022 bankuna da dama suka rage abin da katin naira ke iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar gaba ɗaya, masu shafuka a kamfanonin waje suka shiga neman wanda zai biya musu. Bayan sakin darajar naira a Yunin 2023, dalar da ke kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin masaukin waje ya ninka fiye da sau uku. Kamfanin da ke karɓar naira ya rage wannan wahala. A kowane hali ana duba kuɗin sabuntawa, don na shekarar farko sau da yawa na jawo ciniki ne, kuma araha ba ta ado.

Ta huɗu ita ce inda injin yake. Ga shafin da masu karatunsa ke Yobe da Bauchi da Kano, inji a cikin Najeriya ya fi kusa, kuma bai dogara da igiyar teku ba. Wasu kamfanonin da ke da ofis a Najeriya injunansu na waje, don haka tambaya ake yi a ji amsa ƙarara.

Ta biyar ita ce kwafin ajiya. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke. Wasu ba su dawo ba har abada, saboda kwafinsu yana harabar da ta ƙone. Kwafin da ke amfani shi ne wanda ke wani wuri daban, wanda kuma mai shafi ya taɓa gwada mayar da shi ya ga ya yi. Tare da wannan ake duba ko an kulle hanyar saƙo. Tun da Let's Encrypt ya fara raba takardar wannan kulle kyauta a 2015, babu dalilin da ƙaramin shafi zai biya kuɗi mai yawa a kanta.

Ta shida ita ce samun mai gida ranar matsala. Ana gwada wannan kafin a biya, a aika tambaya da dare ko ranar Asabar, a ga yaushe amsa za ta zo da kuma ko mutum ne ya karanta ta.

Ta ƙarshe ita ce ta mallaka, kuma a nan aka fi yin asara. Abin da ya saba faruwa shi ne shugaban makaranta ya ba wani matashi kuɗi ya gina shafi, matashin ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Bayan shekara ya tafi hidimar ƙasa ko ya canza layi, saƙon tunin sabuntawa ya riƙa zuwa inda ba mai karantawa, wa'adi ya cika, sunan ya faɗi, wani ya saye. Maganin abin a ranar farko yake: rajista ta fita da sunan makarantar da imel ɗin da ke hannun hukumarta, kalmar sirri ta zauna wurin mutum fiye da ɗaya, a kuma tabbatar kamfanin zai ba da lambar canza gida da cikakken kwafin shafi duk ranar da aka nema. A kasuwar shanu fatoma yana riƙe dabba ya kwana da ita, ya sayar, ya ajiye kuɗin, amma dabbar ba ta taɓa zama tasa. Haka dokar take a masaukin intanet: inji da wuta na kamfani ne, suna da abin da ke cikin shafi na mai shafi ne, kuma takardar rajista ce kaɗai shaidar hakan.